HAWAN BUKATA DA HAWAN ALFARMA

 

Duk wanda ya tsaya ranar Juma'a a bakin wani babban masallaci a Kano ko Zariya ko Maraɗi, ya dubi motocin da a ke jerawa, zai ga iri biyu sun fi ɗaukar ido. Akwai wata matsakaiciya mai ɗan tsayi daga ƙasa, wadda jama'a ke kira ƙaramar jif, irin su Toyota RAV4 da Honda CR-V da Hyundai Tucson. Akwai kuma manya na alfarma, irin su Mercedes-Benz, wadda a ke ce wa Marsandi, da Lexus LX da Range Rover, waɗanda in sun tsaya sai maroƙa su yi musu caa tun ba a buɗe ƙofa ba. Attajirin da Allah ya buɗa wa a bana, da malamin da almajiransa suka haɗa wa kuɗin abin hawa, kowannensu sai ya zaɓi ɗaya daga cikin biyun nan. Al'amarin kuwa ba ƙarami ba ne, domin kuɗin da a ke magana a kai ya kan kai rabin jarin mutum, kuma jari in ya karye ba mai shago kaɗai ke faɗuwa ba, har da yaran shagonsa da iyalinsa da waɗanda suka ba shi kaya bashi.

ASALIN IRI BIYUN

Mutanen dā sun san dabbobin hawa uku, watau doki da alfadari da jaki, kuma ukun nan an ambace su tare a Suratun Nahli, inda aka haɗa musu amfani biyu, hawa da ƙawa. Fataken da su ke zuwa Gwanja saro goro da jakuna su ke tafiya, doki kuwa na sarakuna ne da manyan madugai. Alfadari ruwa biyu ne, ubansa jaki, uwarsa goɗiya, ya ɗauko juriyar wannan da ƙarfin waccan. To, ƙaramar jif ita ce alfadarin motoci, har sunan da Turawa suka raɗa mata ma ma'anarsa ke nan, haɗuwar iri biyu.

Bayanin haka shi ne, babbar jif ta asali, kamar Land Cruiser, a kan ƙera mata shasi na ƙarfe daban irin na motar kaya, sa'an nan a ɗora jiki a bisansa. Ƙaramar motar gida kuwa jikinta da shasinta ƙira ɗaya ne, shi ya sa ba ta da nauyi. Sai maƙeran Japan suka ɗauki ƙirar ƙaramar mota da injinta mai silinda huɗu, suka ɗaga ta daga ƙasa, suka faɗaɗa bayanta don kaya, waɗansu kuma aka sa ƙafafunsu huɗu duka suna ja. Kamfanin Toyota ya fito da RAV4 a 1994, Honda ya biyo da CR-V a 1995. A 2007 Nissan ya shiga kasuwa da Qashqai, wadda a ke haɗawa a Ingila, aka ba ta sunan wata ƙabilar makiyaya ta ƙasar Iran. Karɓuwar da irin nan ya samu ta kai a 2017 cinikin RAV4 a Amurka ya wuce na Camry, a 2020 kuma adadin da aka sayar a duniya ya cika miliyan 10.

Motocin alfarma sun girme ta nesa. Karl Benz ya yi rajistar motarsa ta farko a Jamus a 1886, a 1926 kamfaninsa ya haɗu da na Daimler, daga nan sunan Mercedes-Benz ya tabbata. Range Rover ta fito a Ingila a 1970. Babbar Marsandin da a ke kira S-Class ta samu wannan suna a 1972. Toyota kuwa da ya ga attajiran Amurka ba su ɗauke shi maƙerin motar manya ba, sai ya buɗe reshen Lexus a 1989.

A Nijeriya ma an taɓa gwada wannan zaɓi a sama. A 1975 aka buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kaduna. Bayan rasuwar Janar Murtala Muhammad a 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta ɗauki manufar rage almubazzaranci, ta mai da Peugeot 504 motar manyan ma'aikata. Wannan 504 ɗin ta yi suna ne saboda ta jure ramuka da ƙura, kuma kowane bakanike ya san cikinta. Aikin da ta yi a zamaninta shi ƙaramar jif ta gada.

LISSAFIN ƊAN KASUWA

Farkon lissafi kuɗin saye. A Amurka, inda motocin hannu da yawa ke fitowa kafin su sauka Ikko ko Kwatano, sabuwar RAV4 a 2024 kimanin dala 30,000 ce, sabuwar Lexus LX 600 ta haura dala 90,000, Marsandi S-Class kuwa ta haura dala 110,000. Watau kuɗin babba ɗaya ya sayi ƙanana uku, wani lokaci har ya kusa huɗu. In mota ta iso tashar jiragen ruwa, kwastan su kan ƙiyasta kuɗin fito bisa darajarta da kuma canjin dala na lokacin. Dala kuwa da ta ke wajen Naira 460 a hukumance a farkon 2023, a 2024 ta wuce Naira 1,500. Saboda haka ratar da ke tsakanin motocin biyu ta ninka a aljihun mai saye.

Na biyu mai. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin mai, lita ta tashi daga kimanin Naira 190 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta haura Naira 1,000 a wurare da yawa. RAV4 mai inji lita 2.5 ta kan sha tsakanin lita 8 da 9 a kilomita 100. Lexus LX 570, wadda aka ƙera daga 2007 zuwa 2021, injinta lita 5.7 ne mai silinda takwas, nauyinta wajen kilo 2,700, alhali ƙaramar ba ta cika wuce kilo 1,700 ba. Ita ta kan sha lita 16 ko 17 a wannan tazara. Daga Kano zuwa Abuja kimanin kilomita 430 ne, saboda haka zuwa da dawowa ƙaramar za ta sha wajen lita 77, babbar wajen lita 146.

A ƙaddara mutum yana tafiyar kilomita 20,000 a shekara. Mai ƙaramar jif zai sayi lita 1,800, mai babbar zai sayi lita 3,400, bambancinsu lita 1,600. In an yi lissafi da Naira 1,000 kowace lita, bambancin Naira miliyan ɗaya da dubu ɗari shida ne. Masu ilimin zakka sun san wannan adadi shi ne abin da mai jarin Naira miliyan 64 zai fitar in shekara ta kewayo. Wannan fa bambancin mai ne kurum, tun ba a je gareji ba.

Na uku gyara, kuma a nan ne da yawa su ke yin da-na-sani. Baƙin man da a ke juye wa ƙaramar bai cika kai lita 5 ba, na babbar ya haura lita 7. Tayar ƙaramar inci 17 ce ko 18, ana samunta ko'ina. Ta babbar inci 20 ko 21 ce, tsadarta daban, nemanta ma aiki ne. Ƙaramar jif ta Toyota ko Honda tana tarayya da ƙananan motocin kamfaninta a kayan gyara da dama, don haka a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ko Ladipo ta Ikko a kan same su da wuri. Range Rover da babbar Marsandi kuwa yawancinsu a kan jakunkunan iska su ke zaune maimakon sifirin na ƙarfe, da wani famfo mai hura su da na'urori masu auna tsayinsu. Wannan shi ke ba su laushin da in mutum ya zauna ciki ba ya jin rami. Amma zafi da ƙura da tsufa su kan fasa jakar, sai a wayi gari mota ta durƙusa gefe ɗaya kamar raƙumi, ba ta tashi sai an yi odar kaya da dala. Cikinsu cike ya ke da ƙananan kwamfutoci, bakaniken gindin bishiya ba ya gane ciwonsu sai da na'urar bincike, masu na'urar kuwa a manyan birane su ke. Har wa yau maƙeran Jamus sun sharɗanta wa manyan injinansu mai mai daraja ta 95, wanda ba kowane gidan mai ke da shi ba. Wanda motarsa ta mutu tsakanin Potiskum da Damaturu da la'asar sakaliya, a ranar zai san wace iri ya saya.

Na huɗu ranar sayarwa. A kasuwannin Amurka manyan motocin alfarma na Jamus da Ingila su kan rasa fiye da rabin kuɗinsu cikin shekara 5, ƙaramar jif ta Japan kuwa ba ta faɗuwa haka. Gaskiya ne Land Cruiser da Lexus LX suna riƙe darajarsu, wannan a ba su. Amma akwai wani ruɗi da faɗuwar Naira ta kawo: mutum ya sayi mota, bayan shekara uku a taya ta fiye da yadda ya saya, sai ya ce ya ci riba. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Dawanau ya san ba haka a ke auna riba ba. Sai ya tambayi kansa, dila nawa ta atamfa ko buhu nawa na riɗi kuɗin nan ke saye a wancan lokaci, nawa kuma ya ke saye yau? Ban da haka, masu neman ƙaramar jif suna da yawa, in an kai ta wurin dillalai ba ta daɗewa. Babbar kuwa ta kan yi watanni tana shan rana, domin masu iya sayenta kaɗan ne, kuma su sabuwa su ke so.

Na biyar, wanda ya fi duka nauyi, jarin da aka ɗaure. A ƙaddara bambancin kuɗin motocin biyu Naira miliyan 60 ne, mai shi kuma yana juya kayansa sau huɗu a shekara, kowane juyi da ribar biyar cikin ɗari. Ribar da ya bari ta tafi Naira miliyan 12 ce duk shekara, ba kuwa wanda zai kawo masa rasiɗinta ya gani. Ana ba da labarin Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, cewa da aka buɗe banki a Kano a 1929 ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙuma ashirin, kuma abin da aka fi saninsa da shi shi ne tattali da ƙin ɓarna. Dukiyar da ya bari ba a bakin ƙofa ta taru ba, a sito ta taru.

ABIN DA TA ALFARMA TA FI

Adalci ya wajabta a faɗi nata, domin Hausawa sun ce araha ba ta ado. Dattijon da bayansa ke ciwo, wanda ke yini a hanya tsakanin Sakkwato da Abuja, laushin kujera da shirun ciki ba wasa ba ne a gare shi. Mota mai nauyi in ta yi karo da mara nauyi, na cikinta sun fi samun kariya, da ikon Allah. Dabarun tsaro da yawa ma a manyan motoci aka fara sa su: birkin da ba ya ƙulle taya ya shiga S-Class a 1978, jakar iska mai tare ƙirjin direba ta shiga a 1981. Sai dai waɗannan duka yau sun sauko cikin ƙananan jif, har sun zama abin da ba a tallarsa.

Akwai kuma kwarjini, wanda a kasuwa wani lokaci jari ne. Wanda ke karɓar manyan baƙi daga Sin ko Dubai, ko ya ke neman wakilcin babban kamfani, ana dubansa tun daga abin da ya sauko daga ciki. Wannan hujja ce ta gaske ga wanda cinikinsa ya kai can. Amma kwarjinin nan yana da haraji. Mai babbar mota farashinsa daban ne wurin mai tumatir da wurin magini, masu neman taimako su kan ninka a zaurensa, kuma in ya ce babu ba mai yarda. A shekarun da satar mutane don kuɗin fansa ta yi ƙamari a hanyar Abuja zuwa Kaduna da dazuzzukan Zamfara da Katsina, attajirai da yawa da kansu suka ajiye manyan motocinsu a gida suka shiga waɗanda ba a kallo.

Game da hanya kuwa sai an bambance. Babbar jif ta alfarma ta fi ƙaramar ƙarfi a yashi da taɓo, ba gardama. Marsandi mai kwance kuwa cikinta kusa da ƙasa ya ke, hanyar ƙauye da damina ba tata ba ce. Ƙaramar jif tsayinta daga ƙasa tsakanin santimita 16 ne da 21 gwargwadon shekarar ƙirarta, wannan ya isa zuwa gona da kasuwar ƙauye da ziyarar tsangaya, ko da ya ke ba a yi ta don ƙetare kogi ba.

ABIN DA MALAMAI SUKA BAYYANA

Asalin hawan abu mai kyau halas ne, in da halas aka saye shi. An ruwaito Imamu Malik, Allah ya yi masa rahama, yana sa tufafi masu tsada, yana ganin hakan girmama ilimi ne da bayyana ni'ima. Shi ɗin ne kuma aka ruwaito ba ya hawa dabba a cikin Madina, don girmama ƙasar da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ke kwance a cikinta. Wanda ya haɗa riwayoyin nan biyu zai gane ƙawa ba ta mallaki zuciyarsa ba. Abin da aka zarga shi ne fita irin ta Ƙaruna da aka ba da labarinta a Suratul Ƙasasi. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ma wajen 1807 ya rabu da rundunar jihadi ya nufi gabas, saboda abin da ya gani na son duniya da ƙawarta a cikin jama'a, har mutanen Kano suka tsai da shi ya rubuta musu Liya'ul Hukkami. Malamin da a ke koyi da shi ya fi kowa bukatar tuna wannan, domin almajiri da ido ya ke fara karatu.

Imamu Shaɗibi, malamin Malikiyya na Andalus, ya kasa maslahohi uku: na larura, da na bukata, da na ƙawatawa. Ƙa'ida ita ce ba a gabatar da na ƙarshe a kan na farko. Ciyar da iyali da biyan bashi da maganin mara lafiya suna sahun gaba, abin hawa mai kai mutum kasuwa yana tsakiya, kujerar fata mai tausa kuwa tana baya. Israfi kuma gwargwadon hali ya ke: abin da ya zama daidai ga mai jarin biliyan, ga mai jarin miliyan 80 ɓarna ne. Daidai ruwa daidai tsaki.

Motar hawa ba zakka a kanta, kamar yadda babu a kan dokin hawa. Mai sayar da motoci kuwa nasa kayan ciniki ne, in yana juyawa sai ya yi musu ƙima duk shekara ya fitar da ɗaya cikin arba'in. Saboda haka kuɗin da aka kwashe daga shago aka zuba a motar alfarma ya fita daga abin da talaka ke da rabo a ciki. Ba laifi ba ne in bukata ta kawo, amma malaman Malikiyya sun tsananta game da mai yin dabara don gudun zakka in shekara ta kusa cika.

Sai maganar bashi. Rance mai ruwa riba ne, ko don jaki aka ci shi ko don doki. Bankunan da ba su ta'ammali da ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012, suna sayarwa ta hanyar murabaha, da sharaɗin banki ya mallaki motar tukuna, a yanke farashi ɗaya sananne, kada ya ƙaru don jinkiri. Amma halaccin ciniki bai ɗauke nauyin biya ba. Akwai wata fa'ida a babin wanda bashi ya cinye dukiyarsa a cikin Muhtasar na Shehu Halilu: alƙali ya kan gaggauta sayar da dabbobinsa, ya jinkirta sayar da gida da fili. Masu sharhi suka ce dalili shi ne dabba tana ci kullum, kuma tana saurin canjawa. Wannan illa tana nan a mota, kuma ta fi yawa a babba.

TAMBIHI GA MAI SAYEN TA HANNU

Wani ya kan ce ya samu mafita, ga tsohuwar Range Rover ko Marsandi a kuɗin ƙaramar jif. Ya sani kuɗin sayenta ne ya faɗi, kuɗin gyaranta yana nan inda maƙera suka ajiye shi. Da yawa daga motocin da ke zuwa daga gwanjon Amurka sun taɓa haɗari ko ambaliya ta shanye su, ruwa kuwa ya fi ɓarna a motar da wayoyi da kwamfutoci suka cika. Kowace mota tana da lambar shasi mai harafi da adadi 17, da ita a kan bincika tarihinta a intanet da kuɗi kaɗan. Mai saye ya nemi wannan, ya nemi takardun kwastan na gaskiya, ya tafi da bakanikensa, ba na dillali ba. Mai sayarwa kuma ya sani ɓoye aibi da mai da agogon tafiya baya algus ne, kuma shari'a ta ba wanda aka cuta zaɓin mai da kaya.

KAMMALAWA

Ma'aunin da dattawan kasuwa ke amfani da shi ba mai wuya ba ne. Wanda zai iya sayen motar alfarma ba tare da ya taɓa jari ko ya ci bashi ba, ya iya ɗaukar manta da gyaranta daga rarar ribarsa, zakkarsa ta fita, iyalinsa da ma'aikatansa ba mai kuka, in ta lalace gobe ba zai rasa barci ba, to wannan ya hau, ya gode wa Allah, ya riƙa rage wa na ƙasa hanya. Wanda ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan ya kuɓuce masa, ƙaramar jif ta ishe shi, za ta kai shi Dawanau da Jibiya da Damagaram ta komo da shi, sauran kuɗin kuma su kwana a sito suna haihuwa. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Allah ya ba kowa halas mai albarka, ya kiyaye matafiya, ya sa abin hawa ya zama mai kai mutum ga alheri.